Yadda Za Ka Shirya Gidanka da Maƙwabtanka Tun Annoba Tana Nesa

Duk lokacin da labarin sabuwar cuta ya fara fitowa daga wata ƙasa mai nisa, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce abin bai shafe su ba, wasu kuma tsoro ya lulluɓe su har su rasa abin yi. Na daɗe ina aikin wayar da kan jama'a kan lafiya, na bi gida-gida a lokacin ɓarkewar cuta ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Abin da na fi tabbatarwa shi ne, makonnin nan na farko, lokacin da cutar take labari a rediyo ba ta shigo layinku ba, su ne masu tsada. Abin da za ka iya yi a cikinsu da sabulu da takarda da daɗin baki, in suka wuce ko da kuɗi mai yawa ba zai yiwu ba.

Dalilin lissafi ne kawai. A ce cuta tana ninka kanta duk bayan kwana 3, kuma yau mutum 10 ne ke ɗauke da ita. Bayan mako biyu ba su kai 300 ba, babu wanda zai ɗaga ido. Bayan kwana 30 sun haura 10,000. Ƙari a kan haka, waɗanda ake ƙirgawa yau tun kwanakin baya suka kamu, don haka kullum cutar tana gaba da alƙaluman da kake ji. A ranar 31 ga Disamba 2019 aka ba da labarin wani baƙon ciwon huhu a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 30 ga Janairu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci, ranar 11 ga Maris kuma ta kira korona annobar duniya. Tsakanin ayyana dokar ta-ɓacin da wannan sanarwa akwai kusan mako 6, kuma yawancin gidaje a duniya ba su yi komai da su ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kayan da kake buƙata

Kusan duka ana samunsu cikin sauƙi kafin tsoro ya kama jama'a. Bayan nan ne suke ɓacewa.

- Sabulu, kowane iri, da mazubin ruwa mai murfi. Wannan shi ne kan gaba.
- Man tsaftace hannu don fita. Ka duba jikin kwalbar: in alkohol ɗin da ke ciki bai kai kashi 60 cikin 100 ba, bar shi.
- Takunkumin fuska, ko na asibiti ko na ƙyalle mai ninki 3.
- Bilic na wanki, mara turare, wanda aka rubuta ƙarfinsa a jiki.
- Ma'aunin zafin jiki. Taɓa goshi da bayan hannu yana yaudara.
- Farasitamol da fakitin haɗin ruwan gishiri da sukari.
- Safar hannu, ledoji masu kauri, da bokiti mai murfi na majinyaci shi kaɗai.
- Rediyo mai batir, waya, da hanyar yi mata caji in wuta ta ɗauke.
- Littafi da biro. Mutane kan yi mamakin ganin wannan a jerin kayan lafiya, amma za ka ga amfaninsa a ƙasa.

Sai abu biyu da suka fi sauran nauyi. Na farko, maganin duk wanda ke da ciwon da ba a rabuwa da magani a gidan: hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, tarin fuka, ƙanjamau. Ka je wurin likitansa tun yanzu a rubuta masa na wata guda ko fiye. Na biyu, abincin da ba ya saurin lalacewa wanda zai riƙe gidan mako 2. In da hali, ka ƙara da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar da ke cikin jini. In babu, ido da kunne za su yi aiki mai yawa.

Mataki na 1: San yadda cutar ke tafiya kafin ka buɗe baki

Kuskuren da sabon mai wayar da kai ya fi yi shi ne ya ɗauki darasin annobar da ta wuce ya ɗora wa sabuwa. Kowace cuta da ƙofarta. Mura mai tsanani da korona ta numfashi suke bi, musamman a ɗaki rufaffe. Ebola ta jini da amai da gudawa da gumin majinyaci ko gawarsa take bi. Kwalara ta gurɓataccen ruwa da abinci. Wasu kuma sauro ne ke ɗaukar su. In ka sa wa mutane takunkumi alhali rijiyarsu ce ta gurɓace, ba ka yi komai ba.

Buɗe littafinka, rubuta tambayoyi huɗu, ka nemi amsarsu. Ta ina take shiga jiki? Kwana nawa take ɗauka daga kamuwa zuwa fitowar alamu? Wanda bai fara nuna alamu ba yana iya yaɗa ta? Su wa ta fi yi wa illa? Tambaya ta uku ita ce mai sauya tsarin aiki gaba ɗaya. Mai Ebola ba ya yaɗa ta sai ya fara ciwo, kuma alamun kan fito cikin kwana 2 zuwa 21, shi ya sa ake sa ido kan wanda ya taɓa majinyaci har mako 3. Mai korona kuwa yana iya yaɗawa yana jin kansa garau, shi ya sa aka ce har masu lafiya su rufe fuska, kuma a farkon annobar aka sa killacewar kwana 14.

Ka zaɓi wuri biyu ko uku kacal da za ka riƙa samun labari: ma'aikatar lafiya ta ƙasarka ko hukumarta mai yaƙi da cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya, da wani ma'aikacin lafiya da ka sani ido da ido. Rubuta lambar gaggawa da hukuma ta bayar, ka kira ta sau ɗaya don ka tabbatar tana shiga. In ba ka da intanet, labaran rediyo na safe da na dare sun isa. Kada ka kwana kana latsa waya, domin wanda ya firgita ba ya iya kwantar wa wani hankali.

Mataki na 2: Tara kaya sannu a hankali

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kuma kada ka kwashe kanti. Duk fitar da ka yi, ƙara kaɗan a kan abin da ka saba saye, cikin mako biyu za ka ga ka kammala. Wanda ya sayi takunkumi na shekara guda ya hana ma'aikacin jinyar da zai duba shi gobe, kuma maƙwabcin da ya rasa sabulu saboda ka kwashe, ta hannunsa cutar za ta ƙwanƙwasa maka ƙofa.

In kuɗi ba su da yawa, bi wannan jeri: maganin masu ciwon daɗe, sabulu, ruwa mai tsabta, sannan sauran. Gidaje uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi ma'aunin zafi ɗaya, a riƙa goge shi da alkohol bayan kowane amfani.

Kada ka tara maganin kashe ƙwayoyin bakteriya da sunan shiri. Ba ya yi wa bairos, irin ƙwayar cutar da ke jawo mura da korona, komai, kuma shan sa barkatai yana sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske.

Mataki na 3: Zauna da mutanen gidanka

Wannan zama na awa ɗaya ne, amma shi ne ƙashin bayan shirin. A yi shi lokacin da kowa ke lafiya, har da yara masu wayo. A yanke abubuwan nan, a rubuta:

Wa ya fi rauni a gidan? Yawanci tsofaffi, masu ciki, jarirai da masu ciwon daɗe. Su za a fara ragewa fita da karɓar baƙi.

In wani ya kwanta, wane ɗaki za a ware masa? A zaɓi mai taga da iska ke ratsawa. In ɗaki ɗaya ne kowa ke kwana, a ware kusurwa kusa da taga, a rataye labule, a bar aƙalla mita 1 tsakanin shimfiɗarsa da ta sauran, a kwanta kai da ƙafa maimakon fuska da fuska.

Wa zai yi jinya? Mutum ɗaya, mai ƙoshin lafiya, wanda ba ya cikin masu rauni. A nan ne ake yawan tuntuɓe, domin a gidaje da yawa jinya kan faɗa kan tsohuwar da ta fi kowa haɗari. Kuma a zaɓi mataimaki, don ranar da mai jinyar shi ma ya kwanta.

Wane asibiti za a je, da wace mota, wa za a kira da tsakar dare? In mai nemo abin masarufi ya kwana 14 bai fita ba, da me za a ci? Tambaya ce mai ɗaci, amma gara a ji ɗacinta yanzu. Na ga mutane da yawa da suka karya killacewa, kuma kusan dukansu yunwar iyali ce ta fitar da su.

A rubuta sunan kowa, shekarunsa, ciwon da yake da shi da maganin da yake sha a shafi ɗaya, a ajiye inda kowa ya sani.

Mataki na 4: Gyara gidan

Kafa wurin wanke hannu a bakin ƙofa, inda mai shigowa ba zai iya kauce masa ba. In babu famfo, samo jarka mai hannu, huda ƙaramin rami kusa da bakinta da ƙusa mai zafi, rataye ta a sanda, ɗaura igiya daga wuyanta zuwa wani guntun itace a ƙasa. In an taka itacen sai ta karkata ruwa ya zubo, babu wanda ya taɓa ta da hannu. Rataye sabulun a gefe da igiya. Kada a zuba ruwa a kwano ɗaya kowa ya tsoma hannu, wannan raba cuta ne.

Wankin kansa: a jiƙa hannu, a shafa sabulu, a cuɗa aƙalla daƙiƙa 20, tafi da baya, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. Babban yatsa da kan yatsu su ne aka fi mantawa. In sabulu ya yanke gaba ɗaya, toka mai tsabta da ruwa ta fi babu, kafin a samo.

Haɗa ruwan bilic yana buƙatar natsuwa, don haka karanta wannan sau biyu. Duba ƙarfin da aka rubuta a kwalba. In kashi 5 cikin 100 ne, don goge hannun ƙofa da tebur da makewayi, zuba awo 1 na bilic a awo 49 na ruwa. Don wurin da jini ko amai ko gudawa ya zuba, awo 1 a awo 9 na ruwa. In bilic ɗin mai kashi 3.5 ne, na farko ya zama 1 a 34, na biyu 1 a 6. Kowane kofi ko murfi zai yi, muddin da shi ka auna duka biyun. Fara wanke wurin da sabulu, domin datti yana kashe ƙarfin bilic. Bayan ka shafa, bar shi ya jiƙa aƙalla minti 1, na wurin jini ko amai kuwa minti 10. Haɗa sabo kullum, na jiya ya riga ya sane. Kada ka taɓa gauraya bilic da wani sinadarin wanke-wanke, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Ba a fesa wa mutum shi, ba a wanka da shi, kuma a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

In cutar ta numfashi ce, iska ta fi goge-goge muhimmanci. Buɗe taga biyu masu fuskantar juna. In taga ɗaya ce, buɗe ƙofa, ka sa fanka tana tura iska waje. In ta ruwa ce, a tafasa ruwan sha ya yi ta ɓararraka na minti 1 cikakke, a ajiye a mazubi mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga.

Mataki na 5: Tsara saƙonka

Sai ka gama da gidanka sannan ka fita wa jama'a, don abin da suka gani a ƙofarka ya fi abin da za su ji daga bakinka.

A farkon aikina na taɓa tsayawa gaban taro na karanto abubuwa fiye da goma, duka gaskiya ne. Da na koma bayan kwana biyu na tambaya, ba wanda ya riƙe ko uku, kuma wata mata ta fahimci ɗaya daga ciki a juye. Abin ya dame ni ƙwarai, domin rai ake magana. Tun daga ranar ba na wuce abu uku a zama ɗaya: ga alamun cutar, ga abin da za ka yi yau don kare kanka, ga wanda za ka kira in ka ga alamun.

Kowane saƙo ya zama aiki ne da hannu zai iya yi. "Ku kula da tsabta" ba ya sa kowa ya motsa. "Wanke hannu da sabulu da ka shigo gida, kafin cin abinci, da bayan fitowa daga makewayi" shi ne ake iya bi. Yi magana da harshen da mutane ke yi a gida, ka bar kalmomin asibiti. Gwada saƙon a kan mutum biyar, har da tsoho da wanda bai yi karatu ba, ka ce su maimaita maka da bakinsu. Inda suka karkace, nan ne saƙonka ke da rami.

Faɗi gaskiya game da girman haɗarin. In ka rage shi, ranar da aka fara mutuwa ba mai sake sauraronka. In ka zuzuta shi, mutane za su ɓoye marasa lafiyarsu ko su gudu su kai cutar wani gari. Kuma tun ranar farko ka saba musu da jin cewa, "wannan shi ne abin da masana suka gano zuwa yau, in ya sauya zan dawo in gaya muku."

Mataki na 6: Nemi waɗanda ake jin maganarsu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowace al'umma akwai mutanen da in sun yi magana ake tsayawa: shugabannin addini, dattawa, malaman makaranta, shugabannin mata da na matasa, ungozoma, masu sayar da magani, shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa. Je ka same su ɗaya bayan ɗaya, da ladabi, kafin ka yi wa jama'a magana. Fara da tambayar abin da suka ji da abin da ke damunsu. Shugaban da ya ji labari a bainar jama'a ba tare da an fara tuntuɓarsa ba, sau da yawa shi ke zama babban mai adawa, ko da ya san gaskiya ce.

Kada ka manta da masu maganin gargajiya da masu ƙananan shagunan magani. Wurinsu majinyaci ke fara zuwa, su ne kuma ke fara kamuwa. Koya musu alamun, ka ba su lambar kira.

Raba unguwa gida 10 zuwa 15 ga kowane ɗan sa-kai. Aikinsa ya san tsofaffin da ke zaune su kaɗai, masu naƙasa, kurame da makafi waɗanda sanarwar rediyo ko ta takarda ba ta isa gare su, ya kuma riƙa leƙa su. In kana bi gida-gida, tsaya a waje, bar tazara, kada ka yi musabaha, ka bayyana dalili da fara'a don kada a ɗauka wulaƙanci ne. Kada kuma ka tara ɗaruruwan mutane a ɗaki ɗaya don ka gargaɗe su kan haɗarin taro. Lasifika, rediyo, saƙon murya a waya da ƙananan zama a fili sun wadatar.

Mataki na 7: Tare jita-jita da wuri

Jita-jita tana kisa da kanta. A watan Agusta 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi a Najeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum. An kwantar da mutane da dama a asibiti, aƙalla 2 suka rasu, alhali ko kusa da mai cutar ba su je ba. A 2020 ɗaruruwan mutane sun mutu a Iran bayan sun sha alkohol mai guba saboda an ce yana kashe korona.

Ware shafi a littafinka, duk abin da ka ji ana faɗa rubuta shi: me aka ce, a ina, mutum nawa suka faɗa maka. Ba kowace za ka bi ba. Wadda za ta sa mutum ya sha abu mai cutarwa, ko ya ƙi zuwa asibiti, ko ya far wa wani, ita ce ta gaggawa.

In za ka gyara, kada ka yi wa mutum dariya, kada ka kunyata shi a gaban jama'a. Yawancin masu tura irin wannan saƙo ƙaunar 'yan'uwansu ce ta sa su. Fara da gaskiyar, ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, bayyana illarta, ka koma kan gaskiyar, sannan ka ba shi abin da zai yi a madadin. Mutumin da ka ƙwace wa ruwan gishiri ba ka miƙa masa sabulu ba, zai nemo wani abin. Kada ka sake tura saƙon ƙarya a WhatsApp ko Facebook ko da da niyyar ƙaryatawa, domin da yawa kan karanta layin farko su wuce. Ka koya wa mutane tambaya uku kafin su tura komai: wa ya faɗa, yaushe, kuma hukumar lafiya ta faɗi haka?

Mataki na 8: Rage taro tun kafin a tilasta

Wannan shi ne mafi wuya, don yana taɓa ibada da zumunci da neman abinci. Amma tarihi ya nuna bambancin da kwanaki kaɗan ke yi. A annobar murar 1918, birnin Filadelfiya na Amurka ya bari aka yi gagarumin fareti ranar 28 ga Satumba, mutum kusan 200,000 suka fito, cikin 'yan kwanaki asibitoci suka cika maƙil. Birnin Sant Luwis kuwa ya rufe makarantu da wuraren taro kwana biyu bayan ganin masu cutar na farko, kuma mace-macensa, in aka auna da yawan jama'a, kusan rabin na Filadelfiya ne. A ranar 10 ga Maris 2020 wasu mawaƙa 61 suka taru a ɗaki ɗaya a jihar Washinton suna gwajin waƙa na awa biyu da rabi. Fiye da 50 suka kamu da korona, 2 suka rasu.

Kada ka je wa mutane da "a daina" kawai. Je da madadi: a ɗage abin da zai ɗagu, a rage yawan mahalarta, a fito fili, a gajarta lokaci, a ajiye ruwa da sabulu a ƙofa, tsofaffi su zauna a gida a kai musu gaisuwa ta waya. Maganar jana'iza kuwa a yi ta da shugabannin addini tun kafin a yi rashin farko. A Ebolar Afirka ta Yamma, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 tsakanin 2014 da 2016 a Gini da Laberiya da Saliyo, taɓa gawa na cikin manyan hanyoyin da ta bi, kuma abin ya fara sauƙi ne da aka samo hanyar binnewa mai kiyaye lafiya wadda iyalai da malamansu suka yarda tana mutunta mamaci.

Mataki na 9: In wani ya kwanta a gidanka

Kai shi wurin da aka ware, kira lambar hukuma ko ma'aikacin lafiya, ka bi abin da suka ce. In ana zargin cuta mai zubar da jini ce irin Ebola, ba a jinyarta a gida: kada a taɓa shi da hannu tsirara, a miƙa masa ruwan sha, a jira masu ɗauka. In ta numfashi ce kuma da sauƙi, majinyaci da mai jinya duka su sa takunkumi, a ware masa kofi da kwano da tawul, a bar taga a buɗe.

Auna zafinsa safe da yamma ka rubuta. Daga digiri 38 zazzaɓi ne. Babba na iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 1 ko 2 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Na yaro da nauyinsa ake aunawa, a tambayi ma'aikacin lafiya. Ba a ba yaro asfirin, kuma in ana zargin cuta mai zubar da jini, babba ma ya guji asfirin da ibufurofen. Ya sha ruwa sosai. In yana amai ko gudawa kuma babu fakiti, haɗa da kanka: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka.

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi da ƙyar ko kasa ƙarasa magana, ciwon ƙirji, rikicewar hankali ko wuyar farkawa, jijjiga, kasa sha, ɗaukewar fitsari, zubar jini, ko zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba. In kana da na'urar yatsa, ƙasa da 94 a kira likita, 90 zuwa ƙasa kuwa gaggawa ce. Ka sani tana iya nuna lamba sama da gaskiya a fata mai duhu, don haka in mutum yana haki, yarda da idonka. A sanar da asibitin kafin a isa, a sa masa takunkumi a hanya, a sauke gilasan mota.

Rubuta sunayen duk waɗanda suka yi hulɗa da shi a kwanakin baya, ka miƙa wa jami'an lafiya. Ka kuma tsare mutuncin gidan da abin ya shafa. Na san gidan da aka daina gaisawa da su bayan an ɗauki mahaifinsu, aka hana 'ya'yansu ɗiban ruwa. Gida na gaba da cutar ta shiga a layin, sai suka rufe ƙofa suka yi shiru har ta kama mutum uku. Duk inda ake tsangwamar majinyaci, ɓoyewa ake yi. Ka zama na farko da zai ajiye musu abinci da ruwa a bakin ƙofa, ka kira su a waya kullum, kuma in mutum ya warke a tarbe shi a fili kowa ya gani. Kada ka yarda a laƙaba wa cutar sunan wata ƙabila ko ƙasa ko sana'a a gabanka.

Sauran cututtuka suna nan ba su gushe ba. Ba kowane zazzaɓi ne annobar ba, don haka a gwada. Rigakafin yara da awon ciki da haihuwa a asibiti su ci gaba, sai dai a bi ƙa'idar kariya.

Mataki na 10: Bita duk mako

Ware rana ɗaya a mako ka zauna da 'yan sa-kai, a fili ko ta waya, minti 30. Me hukuma ta sauya? Wace sabuwar jita-jita ta fito? Wane gida ke cikin buƙata? Me ya ƙare a kayan gida?

Shawarar masana za ta sauya, ka shirya wa hakan. A farkon 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce masu lafiya su sa takunkumi ba, a watan Yuni ta sauya bayan hujjoji sun taru cewa marasa alamu na yaɗa cutar. In irin haka ta faru, koma wa mutanen da ka faɗa wa tsohon bayani da ƙafarka, ka ce ga abin da na gaya muku, ga abin da aka gano yanzu, ga dalili. Cire tsofaffin takardun da ka liƙa a bango, ka rubuta kwanan wata a ƙasan kowace sabuwa. 'Yan sa-kai kuma a riƙa yi musu karɓa-karɓa, kowa ya samu aƙalla kwana ɗaya a mako da ba zai fita ba, kuma duk wanda ya tashi da zazzaɓi ko tari ya miƙa gidajensa ga mataimakinsa ya zauna a gida.